Darasi a Kan Daidaita Shokazobar Babur da Nauyin Mai Hawa da Kayansa

Darasinmu na yau a kan babur ne, domin shi ne jakin ɗan kasuwa a wannan zamani. Wanda ke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya ci ta Wudil ran Juma'a, ya kwana da shirin Dambatta ko Mai'aduwa ran Lahadi, ya san abin da muke faɗi. Kowa ya iya juye baƙin mai, kowa ya iya wanke fulogi, amma shokazoba, wadda makanikai ke ce wa shoka a taƙaice, ba mai tunawa da ita sai ran da ta karye. Alhali kuwa ita ke tsakanin kayanka da ramin hanya. In ta yi daidai, kiret ɗin ƙwai ya isa kasuwa lafiya. In ba ta yi daidai ba, ka isa da fasassun ƙwai da ciwon baya, wata rana ma babur ya kayar da kai a kwana.

To, abin da muke so ka riƙe shi ne wannan. Kamfani yana saita babur ne don mutum guda matsakaici, bai san nauyinka ba, bai san buhunka ba. Gyaran saitin yana hannunka, da awo ake yinsa, kuma yana da iyakar da ba ya wucewa. Ga bayanin daki-daki.

Fasali na ɗaya: abin da ke cikin shoka

Ka sani shoka abu biyu ce a haɗe. Na farko sifirin, watau murɗaɗɗen ƙarfen nan da kake gani a waje. Aikinsa ɗaukar nauyi. Hukuncinsa kuwa irin na sikelin rataya ne da ake auna nama ko barkono: in kilo 10 ya motsa shi yatsa ɗaya, kilo 20 zai motsa shi yatsa biyu. Wani masani ɗan Ingila mai suna Robert Hooke ya bayyana wannan ƙa'ida tun shekarar 1678, har yau kuma a kanta ake ƙera sifirin.

Na biyu shi ne bututun da ke tsakiyar sifirin ɗin. A cikinsa akwai mai, da sanda mai ɗauke da wani faifai mai ƙananan huji. Duk lokacin da shoka ta matse ko ta miƙe, tilas man nan ya bi ta cikin hujin, shi kuwa ba ya wucewa da sauri. Wannan shi ke hana babur yin ta tsalle bayan ya faɗa rami. Ƙarfin bugun yana komawa zafi a cikin man, shi ya sa in ka yi doguwar tafiya a kan gargada ka taɓa bututun za ka ji shi da ɗumi.

Ke nan sifirin shi ke ɗauka, mai shi ke lallashi. In sifirin ya gaji, babur ya durƙusa. In mai ya tsiyaye, babur ya riƙa rawa kamar kwalekwale, ko da sifirin sabo ne fil.

Akwai kuma abu na uku da za ka sani, watau iyakar tafiyar shoka. A ƙananan baburan da muke hawa, masu inji 100 zuwa 150, tayar baya tana iya hawa da sauka wajen santimita 8 zuwa 11 ne kacal, ta gaba kuwa wajen 11 zuwa 13. Wannan ɗan filin shi ne jarinka. In nauyi ya cinye shi tun kana tsaye, ba abin da ya rage wa rami.

Fasali na biyu: zoben mataki

Masu ƙera babur sun daɗe da sanin ana yi masa lodi. A 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura ma'aikatansa ƙasashen Asiya irin su Tailan da Indunusiya da Pakistan, suka ga yadda ake goyon mutum biyu da uku da kaya, suka dawo suka fito da CG125 a 1975. Da yawa daga baburan Sin da suka cika kasuwanninmu a kan tsarinsa aka ƙera su. Irin waɗannan, da Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, duk shoka biyu gare su a baya, ɗaya dama ɗaya hagu.

Ka durƙusa ka duba gindin sifirin ɗin. A galibinsu za ka ga wani zobe mai haƙora kamar matakala, mataki 5. Mataki na 1 shi ne inda sifirin ya fi sakewa, na 5 inda ya fi matsuwa. Ana juya shi da sifana mai ƙugiya, wadda sau da yawa tana cikin jakar kayan aikin da ke zuwa da sabon babur.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Suna cewa in ka hau mataki na 5 ka ƙara wa sifirin ƙarfi. Ba haka ba ne. Ka tuna da sikelin tebur mai allura. Akwai ɗan maballin da ake murzawa a mai da allura kan sifiri. In ka murza shi, mazaunin allura ne ya canza, amma sikelin kilo 50 yana nan a na kilo 50. Haka zoben nan yake. Yana ɗaga mazaunin babur ne, ya mayar maka da filin da nauyi ya ci. Daga mataki na 1 zuwa na 5 abin da yake ƙarawa bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba. Ƙarfin sifirin kuwa yana cikin kaurin ƙarfensa da yawan murɗinsa, ba ya canzawa sai an canza sifirin.

Sharuɗɗan juya zobe guda uku ne. Na ɗaya, dama da hagu su zama a mataki ɗaya, in ba haka ba babur zai riƙa karkata. Na biyu, a bi mataki bi da bi, 1, 2, 3, 4, 5, in za a sauko ma haka. Kada a tilasta shi ya tsallaka daga 5 ya faɗo 1, domin yana lalata haƙoran. Na uku, a wanke ƙasa a ɗiga ɗan mai kafin a juya, kuma a bar dukansa da guduma da kurfi.

Baburan da ke da shoka ɗaya a tsakiya, wasunsu zobe biyu ne masu zare kamar noti. Sai a kwance na sama, a murza na ƙasa, a sake ɗaurewa. Hukuncin duk ɗaya ne. Wasu ƙananan kuma, irin roba-roba, ba su da zoben sam. Su gyaransu sai a rage kaya ko a canza shoka.

Fasali na uku: yadda ake awo

Abin da za a auna shi ne lotsawa, watau yawan yadda bayan babur ke sauka in an hau. Kayan aiki: tef ɗin tela, da alli, da mutum biyu masu taimako, da daɓe mai laushi wanda ba tudu ba gangare.

Da farko a kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya ta bar ƙasa, shoka ta miƙe sarai. In babu ƙafar tsakiya, mutum ɗaya ya ɗaga bayan. A yi ɗigo da alli a jikin babur, daidai saman notin tsakiyar tayar baya. A auna daga notin zuwa ɗigon, a rubuta. Wannan shi ne awo na farko.

Sa'an nan a sauke babur. Mai shi ya hau, ya zauna inda ya saba zama, ya ɗora ƙafafunsa biyu a kan mataka, mutum ɗaya ya riƙe gaban don kada ya faɗi. A ɗan danna bayan a saki ya zauna da kansa. A sake aunawa daga notin zuwa ɗigon. Wannan awo na biyu ke nan.

A debe na biyu daga na farko. Abin da ya rage shi ne lotsawa. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce lotsawa ta kama daga rubu'i zuwa sulusin tafiyar shoka. A baburanmu wajen santimita 3 ke nan, kusan faɗin yatsu biyu. In ta wuce haka, a hau mataki ɗaya a sake awo. In ba ta kai santimita 2 ba, a sauko mataki ɗaya.

Kada ka ce ai gara ma babur ya ƙi lotsawa sam. Hanya ba tudu kaɗai gare ta ba, akwai rami. In taya ta zo rami tilas ta sami damar miƙewa ta bi ƙasa. Babur da aka ɗaure tamau, tayarsa tana barin ƙasa a kan gargada, tayar da ke sama kuwa ba ta da birki.

Bayan wannan sai a yi awo na uku, wanda shi ne na ɗan kasuwa. A ɗora kayan da aka saba ɗauka, ko a goya wanda aka saba goyawa, a ɗaure kamar za a tafi, a sake aunawa. Da kaya ana yi wa lotsawa rangwame har zuwa santimita 4 ko 5, watau rabin tafiyar. In ta wuce rabi, a hau mataki. Ka rubuta mataki biyu a ranka, na zuwa da kaya da na dawowa wayam. Juyawar ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Amma fa a yi wannan awo tun jajibirin kasuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Fasali na huɗu: misali da lissafi

Bari mu buga misali don abin ya zauna. A ce tafiyar shokarka santimita 10 ce, kai kuma nauyinka kilo 65. Ka hau a mataki na 1, babur ya lotsa santimita 3. Madalla, saura 7 na rami. A ce kuma sifirin ɗinka kowane kilo 20 yana cin santimita 1.

Ka ɗora buhun taki, kilo 50. Ya ci santimita 2 da rabi, lotsawa ta zama 5 da rabi. Ka hau mataki na 5, ka karɓo wajen santimita 1 da 'yan kai, ta dawo wajen 4. Wannan ya yi, zobe ya biya bukata.

To, yanzu sauke taki ka ɗora buhun masara mai tiya 40, wajen kilo 100. Ya ci santimita 5, lotsawa ta zama 8. Ka hau mataki na 5, ta dawo kusan 7. Saura 3 kacal. Ramin farko da za ka faɗa da gudu, shoka ta ƙure, ƙarfe ya bugi ƙarfe. Ka ga a nan zobe ya gaza, domin matsalar ta wuce ta mazauni, ta zama ta ƙarfin sifirin.

Ga yadda za ka gane sifirin bai dace da kai ba. In ka kai mataki na 5, kuma da kayanka na kullum lotsawa ta wuce rabi, ya yi maka laushi. In kana mataki na 1, kai kaɗai, amma babur ya ƙi sauka ko santimita 2, ya yi maka tauri. Wannan na biyu yakan sami yara matasa da marasa jiki da suka gaji babur daga mai lodi.

Fasali na biyar: alamun da babur ke nunawa

Babur ba ya magana, amma yana ba da alama. In baya ya durƙusa da yawa, gaba yana yin sauƙi. Sai ka ji hannu yana rawa, babur yana ƙin shiga kwana, yana neman ya buɗe ya bi gefen hanya. Da dare fitila ta daina haska ƙasa ta koma haska idon mai tahowa. Za ka ji ƙara kamar an buga guduma a rami, ka duba cikin madigadi ka ga inda taya ta goge shi. In aka ci gaba a haka, wayoyin wili su fara tsinkewa, wili ya lanƙwashe, firam ya tsage a inda shoka ke ɗaure.

In kuwa baya ya yi tauri da yawa, kowane tsakuwa sai ka ji shi a ƙugunka. Bayan babur ya riƙa tsalle a kan burji, taya tana zamewa in ka taka birki. Mai ɗaukar ƙwai ko tumatir ko tukwane ya fi kowa asara a nan, domin bugun da shoka ta ƙi sha kayan ne ke shansa.

In man ciki ne ya ƙare, alamar daban ce. Ka danna kariya da ƙarfi ka saki. Lafiyayyar shoka za ta taso sau ɗaya ta tsaya. Matacciya za ta yi sama da ƙasa sau biyu ko uku. Ka duba sandar tsakiya, in ka ga danshin mai da ƙura ta manne masa, ta fara yoyo. Juya zobe ba ya maganin wannan. Shokar baya ta ƙananan babura a rufe take zuwa, galibi canzawa ake yi, kuma a canza biyun tare.

Fasali na shida: shokar gaba

Ta gaba bututu biyu ce masu shiga cikin juna, sifirin da mai duk suna ciki. Kamfanin BMW na Jamus ya fitar da irinta mai aiki da mai a baburansa a 1935, yau kusan kowane babur ita gare shi. A ƙananan babura ba ta da zoben juyawa, saboda haka gyaranta a wurin mai yake.

Don ka san yadda take aiki, yanko siririyar roba daga tsohon tub ka ɗaura a farin ƙarfen, ka tura ta ƙasa har ta taɓa bakin bututu. In akwai robar rufi mai lanƙwasa sai a zame ta tukuna. Ka yi tafiyarka ta kullum ka dawo ka duba inda robar ta tsaya. In ta hau har ƙarshe, shokar tana ƙurewa. Ko mai ya ragu, ko ya tsufa ya tsinke, ko sifirin ya gaji.

In za a zuba sabon mai, ka tsaya a kan makanikinka. A zuba man shoka na ainihi, wanda galibi lamba 10 ne, a auna da sirinji ko kofin awo gwargwadon abin da littafin babur ya faɗa, dama da hagu daidai wa daida. Kada a zuba tsohon baƙin mai da aka juye daga inji, domin yana ɗauke da garin ƙarfe mai cin roba. Mai kauri yana rage saurin nutsewa in an taka birki, amma in ya yi kauri ainun gaba ya zama kamar itace. In kuma aka cika shi ya wuce awo, iskar da ke sama ba ta da wurin matsewa, sai robar bakin bututu ta fashe.

Babban abokin gabar shokar gaba shi ne ƙura, musamman da hunturu. Ƙura tana hawa farin ƙarfen, ta shiga ta cinye robar, mai ya biyo. Man nan in ya gangara ya sami birkin gaba, ka rasa birki. Saboda haka robar rufi in ta yage a canza ta, kuɗinta bai kai na gyaran da take karewa ba.

Fasali na bakwai: iska da sarƙa da ɗaurin kaya

Abubuwa uku suna tafiya tare da shoka, in ka gyara ta ka bar su ka yi rabin aiki.

Na farko iskar taya. Taya ita ce shoka ta fari. A irin baburan nan kamfanoni sukan ce wajen 25 a gaba, 28 ko 29 a baya in kai kaɗai ne, 32 ko 33 in da goyo ko kaya. A auna da ma'auni wurin mai faci, da safe kafin taya ta yi zafi. Matsawa da yatsa ba awo ba ne.

Na biyu sarƙa, watau cen. Sa'ad da bayan babur ke sauka, sarƙa tana ƙara ɗamewa. In ka ɗaure ta tamau babur yana wayam, da ka yi lodi sai ta zama kamar tsarkiyar baka, ta hana shoka motsi, ta ci haƙoran farantinta, wata rana ta tsinke. A bar mata sassauci wajen santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, kuma bayan an yi lodi a sake taɓawa a ji tana da sauran motsi.

Na uku wurin zaman kaya. Masu jakai sun riga mu sanin wannan, shi ya sa suke raba kaya biyu a mangala, ya rataya dama da hagu, ba su ɗora shi a kan gindin wutsiya ba. Kaya mai nauyi ya matso kusa da bayanka, ya zauna a kan tayar baya ko gabanta kaɗan, kuma ya yi ƙasa. Duk kilon da ya wuce notin tayar baya yana danna baya fiye da nauyinsa, yana kuma ɗaga gaba. Masu sa a yi musu waldar doguwar kariya su lura da wannan. Jarka biyu masu lita 25, ɗaya kowane gefe, sun fi sauƙin tuƙi a kan guda biyun a tsaye can ƙarshen kariya, alhali nauyin ɗaya ne.

Fasali na takwas: shoka huɗu da iyakar babur

A ƙauyuka ana yawan ƙara wa babur shoka biyu, su zama huɗu. Gaskiya ne wannan yana kusan ninka ƙarfin ɗauka, kuma ga wanda kullum da buhu yake yana hana durƙusawa. Amma ka san abin da ka saya. In ka sauke kaya babur zai zama busasshe, yana tsalle. Sa'an nan zafin walda yana raunana firam in mai yin bai ƙware ba. Wanda ya fi sauƙi shi ne a nemi shoka biyu masu kaurin sifirin. Ƙaramin bambanci a kauri yana yin babban aiki: ƙarfe mai kaurin milimita 7 ya kusa ninka mai milimita 6 ƙarfi, in faɗinsu da yawan murɗinsu ɗaya ne. Akwai kuma wadda ke da ƙaramin sifirin a cikin babba, irin ta Bajaj, da wadda murɗinta ya matsu a gefe ɗaya ya buɗe a ɗayan. Waɗannan suna da laushi da farko, su yi tauri in nauyi ya ƙaru, sun dace da mai zuwa da kaya ya dawo wayam.

Abin da ba a yi sam: cusa noti ko guntun ƙarfe a ƙarƙashin sifirin har murɗinsa ya haɗe, da maye shoka da sandar ƙarfe, da kusantar da wuta ga shoka mai ɗan tulu a gefe, domin akwai matsattsiyar iska a ciki, tana iya fashewa.

Sa'an nan ka sani ko shoka takwas ka sa, taya da birki suna nan yadda suke. Abin da kamfanoni ke yarda ƙaramin babur ya ɗauka, har da mai tuƙi, galibi tsakanin kilo 130 ne da 180. Ka duba gefen tayarka ta baya, akwai lamba kusa da harafi, kamar 47P ko 52P. Lamba 47 tana nufin kilo 175, 50 tana nufin 190, 52 tana nufin 200. Yanzu yi lissafi. Rabon tayar baya daga nauyin babur kansa wajen kilo 60 ne, daga naka wajen 45, ga buhu 100. Ka haura 200 tun ba ka ƙara komai ba. Mai ɗora buhu biyu ya duba wannan lissafi da kyau. Ribar sawu ɗaya da aka rage ba ta biyan taya da wili da kuɗin mai ɗori. Sannu ba ta hana zuwa.

Fasali na tara: ga dillali da mai saye

Dillalin da aka kawo wa babur na hannu, kafin ya sa baki a kuɗi, ya duba abu biyar. Ya ga matakin da zobe yake: in yana na 5 kuma ya yi tsatsa a wurin, babur ɗin ya sha lodi, kome kyan fentinsa. Ya shafa sandar shoka da yatsa ya ji ko da mai. Ya danna baya da gaba ya ƙirga tsalle. Ya leƙa inda shoka ke ɗaure da firam ya ga ko akwai sabuwar walda da aka shafe da fenti. Ya kama tayar baya ya girgiza ta gefe da gefe, in tana motsi bushin ƙarfen da ke riƙe da ita ya ci. Duk abin da ya gani ya faɗa wa mai saye a cire a kuɗi, domin dillali da amana yake cin kasuwar gobe.

Mai sayen sabuwar shoka kuma ya tafi da tsohuwar a hannu, a jera su a gwada tsawo daga ido zuwa ido, da faɗin ramin noti. Wadda ta fi tsawo tana ɗaga baya, ta canza tuƙi da ɗaurin sarƙa. Ya jingina nauyinsa a kanta ya saki, ya ji ko tana dawowa a hankali ba tare da ƙara ba. Kaya daga Nnewi da Legas suna zuwa kala-kala, akwai mai kyau akwai mai ƙyalli kawai, wani ma bututun ba man kirki a ciki. Araha ba ta ado.

Rufewa

A taƙaice, ka auna lotsawa kai kaɗai, ka nemi yatsu biyu. Ka auna da kaya, kada ta wuce rabi. Dama da hagu mataki ɗaya. In mataki na 5 bai isa ba, ka canza sifirin ko ka raba kayan sawu biyu. Ka bi da iska da sarƙa da ɗauri. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa yaron shagonsa, domin sau da yawa shi ne a kan hanya. Allah ya ba da kasuwa, ya kai kowa gida lafiya. Haza wassalam.